Sassaƙar zamani da tazarar mai hali da talaka: za ta yiwu a Sakkwato?

Ɗalibin Zane, Mabera:
Assalamu alaikum. An nuna mana aikin Jens Galschiøt, ɗan ƙasar Danmak, na shekarar 2002, inda wata mace mai ƙiba take zaune a kafaɗar wani ramammen baƙar fata tana riƙe da ma'auni, wato ƙosassu ne suke yanke hukunci alhali mayunwata ne suke ɗauke da su. Saƙon ya ratsa ni, sai dai malamanmu sun yi hani da sassaƙa surar mai rai. Shin akwai hanyar da mai sassaƙa zai yi magana kan wannan tazara ba tare da ya ƙera mutum-mutumi ba?

Malamin Fasaha, Arkilla:
Wa alaikumus salam, ɗana. Hanyar tana nan, kuma a ganina ta fi waccan ƙarfi. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale ta arewacin Gana a 1987, yana tattara tsofaffin buhunan algarara waɗanda suka fara ɗaukar koko, daga baya suka koma ɗaukar hatsi da gawayi, ya sa a ɗinke su wuri ɗaya, sannan ya lulluɓe manyan gine-gine da su, kamar yadda ya yi a baje kolin birnin Benis na Italiya a 2015. Babu fuskar kowa a jikin aikin, amma faci da baƙin gawayi da sunayen 'yan kasuwa da aka rubuta a buhunan sun isa su tuna wa mai kallo ɗan dakon da bai taɓa shiga irin wannan ginin ba. El Anatsui ma, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, marafan kwalabe yake haɗawa da wayar tagulla, su zama kamar ƙasaitaccen mayafin sarauta, sai ka matso ka tarar shara ce.

Direban Hanyar Illela:
Malam ya yi bayani. Zan ƙara da Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin, wanda ya jera jarkoki 304 a siffar jirgin ruwan safarar bayi, domin ya danganta bautar da da halin matasan da ke fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya a kan babur. Duk wanda ya san hanyar Illela zuwa Ƙonni ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Sai dai jarkokinsa suna kama da fuskoki, don haka a tuntuɓi malamai kafin a kwaikwaye shi.

Hajiya, Runjin Sambo:
Ni damuwata daban ce, Malam. Waɗannan ayyuka suna magana da yawun talaka, amma yawancinsu a ɗakunan baje koli na Turai suke ƙarewa, masu kuɗi su saya da tsada, wanda ya ɗauki buhun kuwa bai ma san an yi ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce kashi 91 cikin ɗari na mutanen jiharmu suna cikin talauci ta fuskoki da dama, to waɗanne 'yan kallo ake nufi?

Malamin Fasaha, Arkilla:
Hajiya, ba ki faɗi ƙarya ba. Mahama dai ya mayar da wani ɓangare na abin da ya samu gida, ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019. Shawarata ga ɗalibinmu ita ce ya sayi tsofaffin jarkokin 'yan ga-ruwa da robobin almajirai da kuɗi mai kyau, ya sanar da masu su abin da zai yi, kuma ya nemi izinin shugabannin kasuwa ya kafa aikin inda su ma za su gani.