Tiger biyu, T-34 takwas: wa aka cuta a kan tebur?

Mai Tiger: Jama'a, wasan yaƙi na tebur in kai kaɗai ke jan ɓangarorin biyu, yaudarar kai ce. Ku jera yaƙin Kursk na Yulin 1943: tebur ƙafa 6 da 4, tankokin Jamus Tiger 2, tankokin Rasha T-34 guda 8. Igwar Tiger milimita 88 ce, sulken gabanta 100. Kafin Rashawa su kai rabin tebur an ƙone su, kullum Jamus ke ci.

Jan Tuta: Rashawa? Sojan Tarayyar Sobiyet dai, malam. Akwai 'yan Yukiren, akwai Kazak da Tatar. Janar Rokossovsky da ya tsare arewacin Kursk ma jinin Poland ne.

Mai Tiger: Kursk ɗin a ina take? Ba a Rasha ba?

Jan Tuta: Ƙasa daban, runduna daban. Stalin kansa ɗan Jojiya ne.

Mai Awo: Ku dakata, laifin jeri ne. Igwar T-34 milimita 76 ce, ba ta huda Tiger ta gaba sai da ƙyar, dole ta matso ta gefe. Ka bar tebur fayau, me kake jira? Sa tudu biyu da kwari su tare gani. Yanka takardu 12, takwas ka rubuta tanka, huɗu fanko, ka kife su ka gauraya. Kada ka buɗe sai Tiger ta hango su. Kati ke zaɓen mai motsi: ja Sobiyet, baƙi Jamus. Ɗan ludo ke ba da umarni: 1 da 2 a tsaya, 3 da 4 harbi, 5 da 6 kutsawa. Zagaye 8 kacal, in T-34 uku suka ƙetare layi Jamus ta faɗi. In ba ka ƙayyade zagaye ba, Tiger zama za ta yi a bakin tebur tana tsintarsu.

Dattijo: Kati da ɗan ludo? Ɗana, wannan ai caca ce.

Mai Awo: Baba, cacar da ba kuɗi, ba abokin hamayya?

Mai Tiger: Ka ji shi, "ja Sobiyet". Ashe kai ma nasu ne.

Jan Tuta: Masu son Jamus ku fara bayanin tankokin Panther da suka riƙa lalacewa a hanya tun ba a gwabza ba.

Mai Tiger: Wa ya kawo Panther? Tiger na ce.

Jan Tuta: Bari in taƙaita wa masu shigowa yanzu. An amince Sobiyet ake cewa, an amince ɗan ludo halas ne, mai ƙorafi kuma bai iya jera tebur ba.

Dattijo: Ni ban amince ba.