Coci-cocin nan, a yi musu kuɗin goro ne ko kowa tasa ta fisshe shi?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya a trotro (motar haya) daga Kejetia a Kumasi gardama ta kaure, wani ya rantse wai duk coci jirgi ɗaya ya kwaso su, karɓar na talaka suka iya amma ranar da aka danne shi ba ka jin bakinsu. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, ban da an ce an ce.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumussalam. Ni dai wallahi ba za a haɗa ni a wannan rantsuwar ba. Naƙuda ta kama ni a ƙauyen mijina, asibitin Katolika aka kai ni da tsakar dare, katin inshora ya mutu tun watan jiya ga aiki za a yi mini, wata sista tsohuwa ta ce a shiga da ni tukuna maganar kuɗi sai da safe. Kashi uku muka biya. Ita ce ma ta nuna wa uwar mijina gabas ta shimfiɗa mata kwali ta yi sallah.

Makaniken Magazin: Hajiya Allah ya raya, amma zo bayan gidanmu ki gani. Wani fasto ya kama shago ya sa lasifika huɗu, daren Juma'a ba mai runtsawa, yana sayar da mai a 'yar kwalba wai na buɗin kasuwa. Akwai wata kayayo, yarinya mai dakon kaya a kasuwa, da ke kwana a barandar layinmu, kuɗin susunta (adashi) na wata shida ta kwashe ta kai masa. Shi ya canza mota ita har yau kwano ne a kanta. To manyan cocin ina suke, ba sunan Yesu ɗaya suke kira ba? Shirun nan shi ne laifinsu a wajena.

Tica Asawase: Yaya, wa zai tsawata masa? Ba shi da na gaba, shi ne bishop shi ne ma'aji. Ƙidayar 2021 ta ce Kirista sun haura kashi 71 cikin 100 a Gana, Katolika kashi 10 ne kacal, Pentikos da karismatik sun fi 31. Ni inda nake kama ɗarika shi ne abin da shugabanninta suka faɗa da bakinsu. A 2021 da Wesley Girls, makarantar 'yan mata ta cocin Metodis, ta hana ɗaliba Musulma azumi, hukumar ilimi ta ce a bar yara su yi, shugabannin Metodis suka fito suka goyi bayan makarantar. Wannan nasu ne, ba zan ɗora wa Presbi (cocin Presbyterian) ba. Haka a Oktoban 2024 Katolika suka yi tattakin addu'a a Ankara (Accra) kan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, shi ma ba zan raba wa kowa ladan ba.

Hajiya mai koko: Ku dai ku tuna da kanmu. Yaro ɗaya ya fizge waya a unguwar Alabar sai ka ji an ce 'yan Zango ne, yana mana daɗi? Kuma Limamin Ƙasa Shehu Sharubutu da kansa ya shiga cocin Katolika na Christ the King a 2019 lokacin bikin cikarsa shekara 100.

Makaniken Magazin: Tica na ji, Hajiya na ji. Amma ranar da na je na yi wa faston magana 'yan cocinsa ne suka yi mini ca, kuma dattijon Presbi da muke katanga ɗaya yana tsaye yana kallo, da dare ya zo ya ce min gaskiya ce da ni amma ba cocinsu ba ne. Na ce Baba ai yarinyar ma ba 'yata ba ce.