Neman shawara: An ɗora mini farantin ban tsoro a walimar ofis

Maman Hanif, Kolombus (Ohayo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku agaza mini, hannuna ne ya ja mini. Wata bakwai ke nan da na fara aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Amurka, kuma ranar 31 ga Oktoba za a yi 'yar walimar lokacin kaka a ofis, wadda ta faɗo daidai da Halowin ɗinsu, bikin da suke yin shigar dodanni da adon ban tsoro. Aka zagayo da takarda kowa ya rubuta abin da zai kawo. Kafin ta iso kaina an kwashe masu sauƙin, lemo da kek da kofuna, saura layi ɗaya: farantin shakutari, wai kuma a yi masa ado mai ban tsoro. Don kada a ce baƙuwa ta cika noƙe-noƙe, na sa hannu ban ma san mene ne ba. Sai da na dawo gida na duba a waya, na ga katako ne ake jera wa yankakken nama da cuku da 'ya'yan itace, wasu har da ƙoƙon kan roba an liƙe shi da nama ja-ja-wur. Na ce inna lillahi.

Mutum 18 ne. Abin da zan iya kashewa bai wuce dala 60 ba. Alade dai ba zai shiga kicin ɗina ba. Tafiyar minti 25 ce a mota, kuma za a fara ƙarfe 12 a tashi ƙarfe 3. Me zan jera? Nawa zan saya? Ban tsoron kuma ta ina ake fito da shi? Maigida ya ce in kai musu tuwo da miyar kuka kawai, wai ganin kalarta ma ya ishe su firgita.

Anti Rabi, Buronkis (Niyok):
Wa alaikumus salam. Maman Hanif kwantar da hankalinki, sunan ne mai nauyi, aikin ba komai ba ne. Duk wadda ta taɓa shirya tiren buɗa-baki ta wuce wannan. Kalmar shakutari ta Faransanci ce, asalinta dafaffen nama, kuma a Faransa sana'ar masu sarrafa alade ce, shi ya sa idan kika sayi wanda aka riga aka haɗa a kanti kusan duk alade ne. Prosciutto, coppa, pancetta, soppressata, chorizo, duk ki kauce musu. Salami da pepperoni ma galibi alade ne ko gauraye da shi.

Abin da zai fisshe ki shi ne kantin halal na Larabawa ko Turkawa, ko na Somaliyawa, waɗanda ai sun cika Kolombus. Ki nemi basturma, busasshen naman sa ne da aka lulluɓe da hulba da tafarnuwa da jan barkono, ki ce su yanka miki siriri kamar takarda. Sai sujuk, tsiran-hanjin Turkawa na naman sa, shi kuma sai kin yanka ƙwaya-ƙwaya kin ɗan soya. Ki ƙara da yankakken talo-talo ko salamin sa mai tambarin halal. Ki lura, don an rubuta naman sa ko talo-talo a jikin leda ba ya nufin yankan Musulmi ne, kuma wani salamin ana zuba masa giyar inabi ko a ɗura shi a hanjin alade. Ki juya bayan ledar ki karanta.

Lissafi kuwa, ni ina ƙiyasta giram 50 zuwa 60 na nama da kwatankwacinsa na cuku ga kowane mutum. Na mutum 18 ya kama kusan kilo ɗaya-ɗaya. Amma tunda ga kek ga sauran tarkace, giram 700 na kowanne ya ishe ki. Sauran filin ki cike shi da masu araha: inabi, tuffa, karas, biskit mara zaƙi. Basturma ce mai tsadar, ki sayi kaɗan ki baza ta yadda za ta cika ido.

Malama Sa'adatu, Bamingam:
'Yar uwa, ni kafin a kai ga maganar cuku ina da abin faɗa, kuma ba don in ɓata miki rai ba. Wannan biki yana da tushe. Masana tarihi da yawa suna danganta shi da wani tsohon bikin mutanen Ayalan da Sikotilan na ƙarshen girbi, lokacin da suka yi imani matattu na kusantar masu rai, daga baya ya haɗe da jajiberin ranar waliyyan coci ta 1 ga Nuwamba. 'Yan ci-ranin Ayalan ne suka ƙarfafa shi a Amurka a ƙarni na 19. A can gida da wani irin tushen lambu suke sassaƙa fuskar, da suka zo Amurka suka koma kabewa. Malamai da dama sun hana shiga cikinsa. Ni ko ƙofa ba na buɗe wa yara a daren, fitilar waje nake kashewa. Ki tambayi limamin masallacinku kafin ki sayi ko zaitun ɗaya.

Maman Hanif:
Na gode Malama, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai tun ranar. Na kira limaminmu ɗazu bayan la'asar, na faɗa masa yadda abin yake: cin abincin rana ne a ɗakin hutu, ba shiga ta dodo, ba kiɗa. Shawarar da ya ba ni ita ce in cika alkawarin abincin tunda na ɗauka, amma in bar duk abin da ya shafi wasa da mutuwa. To ƙoƙon kai da akwatin gawa da wannan cukun da ake naɗewa kamar likkafani duk na soke su. Dama ko bai faɗa ba, wanda ya taɓa ganin an fito da makara daga gidansu ba zai yi ado da ita a faranti ba.

Malama Sa'adatu:
To madalla da kika tambaya. Ni dai da ni ce da na ba da uzuri. Allah ya sa mu dace.

Zainabu Kabir, Toronto:
Yaya, in haka ne ki koma kan ƙwari da kala, su ma sun fi ban dariya. Na yi wa makarantar yarana sau biyu. Sirrin shi ne ki tsaya a kala uku: baƙi, ruwan lemo da ja, sai fari kaɗan. Baƙin inabi, baƙin zaitun da busasshen ɓaure a gefe guda. Cukun cheddar mai ruwan lemo, karas da busasshen afirkot a ɗaya gefen. Rumman da basturma su ba ki ja.

Gizo-gizo: ki raba baƙin zaitun mara ƙwallo gida biyu, rabi ɗaya ki kifa shi ya zama jiki, ɗaya rabin ki yanka siri-siri ya zama ƙafafu. Za ki buƙaci ƙarin zaitun don ƙafa takwas ta cika, kuma lallai ta cika, don a wurin aiki irin naku ba za a rasa mai ƙirgawa ba. Ki ɗora su a kan humus, wato kwaɓin markaɗaɗɗen wake na Larabawa. In kina son yana, ki zuba yogot mai kauri a 'yar leda, ki huda kusurwarta, ki zana da'ira uku ɗaya cikin ɗaya a kan humus ɗin, sannan ki ja tsinken sakace daga tsakiya zuwa baki. Minti biyu ya zama saƙar gizo.

Idanu: ƙananan ƙwallayen farin cukun mozzarella, ki tsane ruwansu da tawul ɗin takarda, ki ɗan ƙwaƙule sama, ki danna zoben koren zaitun mai jan tattasai a tsakiya. Idan ba ki tsane su ba zaitun ɗin zamewa yake, kafin ki isa ofis duk idanun sun zama harara-garke. 'Yan kabewa kuma lemun tanjarin ne da aka ɓare, a soka guntun seleri a ka.

Amma wanda ya fi tayar da hankali shi ne dabino. Ki samu manyan nan masu laushi, Majhul, ki tsaga gefe ki cire ƙwallon, ki cusa cuku mai laushi, ki kifa tsagin ƙasa, ki soka siraran tsinke biyu na ganyen albasa a gaba. Yaya, kyankyaso ne sak, har sheƙin bayan. Ni da na haɗa su da hannuna sai da na rufe ido kafin na ci na farko. Kada ki jera su a layi, ki warwatsa su kamar suna fitowa daga ƙarƙashin biskit.

Baban Khalil, Miniyafolis:
Ku mata kuna ta wahalar mayar da dabino ƙwaro alhali ga ƙwaron gaske. Hajiya, ki kai musu soyayyar fara da yaji, magana ta ƙare. Kuma ba sai an aiko daga Maiduguri ba, wasu kantunan 'yan Meziko suna sayar da tasu, chapulines suke ce mata, mutanen jihar Wahaka suna cinta da lemun tsami da barkono kamar mu. A kantin nan dai za ki samu zoɓo, su jamaica suke kiransa. Ni wannan Halowin ɗin ma in na ga yara suna bi gida-gida da leda, tashe kawai yake tuna mini, sai dai namu da waƙa muke karɓa, su da barazana.

Sista Jummai, Hiyustan:
Baban Khalil ka ba ni dariya, amma bari ma'aikaciyar jinya ta ɓata wasan. Mai alajin jatan lande da ƙaguwa, wato wanda jikinsa ba ya karɓarsu, yana iya kamuwa idan ya ci fara, don haka in za a kai, a sa ta a kwanonta daban da rubutu a jiki.

Babban abin da nake jin tsoro kuma shi ne gyaɗa. Na san wani zai ce a sa kilishi, kuma gaskiya shi ne ainihin shakutarinmu, ba abin da basturma za ta nuna masa. Sai dai labun da ake tsoma kilishi tunkuzar gyaɗa ce, yajin tsire ma ƙuli-ƙuli ne a ciki, Bature kuwa ba zai kalli nama ya yi zaton akwai gyaɗa ba. Ni ta taɓa faruwa da ni. Na kai tsire wata walima a wani wurin da na yi aiki, wata abokiyar aikina ta ɗauki yanka ɗaya, kafin ta haɗiye leɓenta ya fara kumbura. Allah ya taimaka tana da allurarta a jaka, ni na soka mata a cinya hannuna yana rawa, aka wuce da ita sashen gaggawa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Don haka ki aika saƙo ga duk mutum 18 ɗin nan ki tambaya. A dokar Amurka abubuwa tara ne manyan masu jawo alaji, kuma tun 1 ga Janairun 2023 riɗi ya shiga cikinsu. Humus ɗin da Zainabu ta ce akwai riɗi a ciki. Ki rubuta 'yan katuna ki kafa a gefen kowane abu.

Sai lokaci. Ƙa'idar a nan ita ce nama da cuku mai laushi kada su wuce awa biyu a waje da firij, ke kuma walimarku awa uku ce ga tafiyar mota. Ki raba kayan biyu, ki fito da rabi ƙarfe 12, sauran ki bar su a firjin ofis sai wajen ɗaya da rabi.

Hajiya Mariama, Girinsboro:
Sista ta riga ni. Abin da zan ƙara, kada ki sa wani ya taho miki da kilishi a akwati. Nama daga ƙasashenmu ba a yarda a shigo da shi ba, karɓewa suke a filin jirgi, in mutum bai bayyana ba kuma har tara ake ci. Ɗan ƙanwata ya taso da shi tun daga Yamai, a kwandon shara ya ƙare, ya ce har karen da ya shinshino shi ya fi shi farin ciki. In kina son abin gida a farantin, ki yi dambun nama da man sanfulawa. Ki tara shi a tsakiya kamar shuri, kyankyasan Zainabu su riƙa fitowa daga ciki.

Zoɓon kuma kada ki tsaya a sha. Ki dafa shi da kauri da sukari da citta, ki bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya riƙa kama bayan cokali, ya huce. Ki ɗiɗɗiga a kan farin cuku ya gangaro. Ja ne mai duhu, kuma tsaminsa yana tafiya da cuku fiye da jam ɗin kanti. Sai kin isa za ki zuba, in ba haka ba ya rine komai.

Ummi A., Kolombus:
Anti ni ma a garin nake. Tsutsotsin alawar nan masu taushi da mashmalo da ake watsawa a irin farantin, yawancinsu da jelatin ake yi, kuma galibi na alade ne. A kantin halal akwai alawar Haribo ta Turkiyya da ake yi da jelatin sa. Katako kuma kada ki saya, ina da babba, da ƙananan ƙore guda huɗu da na zo da su daga Kano, za su yi miki na zaitun da humus. Kada dai ki jera a gida. Ki kai komai a robobinsa, ki shimfiɗa takardar gasa kek a katakon, ki fara ajiye ƙoren, sai cuku, sai nama, sannan ki toshe ramukan da inabi. Minti 20 ya isa.

Maman Hanif:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura saƙon da Sista ta ce, kuma kun ga ikon Allah, mutum biyu ba sa cin gyaɗa, ɗaya kuma ba ta cin nama sam, don haka zan ware mata gefe guda da ba abin da zai taɓa. Ga abin da na tsayar: basturma kaɗan, talo-talo, dambun nama, cuku iri uku, gizo-gizo a kan humus da katinsa, idanu, tanjarin, da zoɓon Hajiya. Fara dai Baban Khalil ka yi haƙuri, wata bakwai kawai na yi a aikin nan, ina son in kai shekara.

Na gwada dabinon jiya da dare guda shida na bari a kan kantar kicin. Da asuba sai ihun Hanif na ji, na fito na tarar da babansa tsaye da silifa a hannu, ya riga ya murƙushe biyu. Ummi, zan biyo karɓar katakon ranar Laraba bayan magariba in kina gida. Zainabu, ganyen albasar nan ya yi laushi ya kwanta kafin safe, da me zan canza shi?

Zainabu Kabir:
Ki soka su a ofis, Yaya, ba tun dare ba. Ko ki karya busasshiyar taliya siririya ki yi da ita, amma ki gaya musu su zare kafin su ci.