Zan iya riƙe kifin teku a Birnin Kebbi? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Abban Sadiƙ: Salamu alaikum. Na shekara ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, yanzu ina son shiga na ruwan gishiri. Wani a Legas zai aiko min da wanda suke kira ras, mai layi shida, irin na Bahar Maliya da Tekun Indiya, tsawonsa ba ya wuce santimita 10. Tankina lita 200 ne, ina da sola da batir. Tambayata: dole sai na zuba yashi? Kuma idan ruwa ya ragu, me ake ƙarawa?

Ɗan Argungu: Malam, da giwan ruwa a Matan Fada za ka aiko da kifin da bai kai yatsa biyu ba? Ana ma soya shi?

Hajiya Gesse: Ƙanena, ka bari. Na yi, har yau abin yana min ciwo. Mai sayarwa bai gaya min cewa sai tanki ya yi wata ɗaya ko fiye babu kifi ba, kafin ƙwayoyin da ke cinye dattinsa su kafu. Ran da na haɗa ruwa na saka su. Biyu suka mutu a makon. Na ukun ya rayu, har yana sanin mai ba shi abinci, yarana suka sa masa suna. Cikin Afrilu aka ɗauke wuta tun safe, famfo ya tsaya, ruwa ya yi ɗumi, na tarar da shi a sama yana buɗe baki. Wannan kifi digiri 24 zuwa 27 yake so, mu kuwa bazara tana haura 40. Na kira mutumin, ya daina ɗagawa. Dubu 45 na saya kowane.

Musa Jega: 45? An cuce ki, Hajiya. Dubu 18 aka yi min tayi.

Hajiya Gesse: Da kuɗin mota da jakar iska? Kai ka taɓa riƙewa ne, ko tayi kawai aka yi maka?

Malamin Kimiyya: Abban Sadiƙ, mai layi shida a ramin dutse yake kwana, cikin wani yauƙi da yake lulluɓe jikinsa da shi. Ras mai ruwan ɗorawa ne ke nutsewa cikin yashi. Murfi kam dole, suna tsalle. Idan ruwa ya ragu, tataccen ruwa zalla za ka ƙara, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Gishirin ruwan teku giram 35 ne a lita, kuma gishirin miya ba ya yi.

Baba Yauri: Yaro, ilimin littafi daban. Na tsufa a bakin Neja, kifin da aka raba da ruwansa ba ya daɗewa.

Malamin Kimiyya: Baba, da girmanka, tarwada daban, wannan daban.

Musa Jega: Ba shi da wuta ai, ya haƙura.

Abban Sadiƙ: Na ce ina da sola. Shin za ta ja na'urar sanyaya ruwa har dare?

Hajiya Gesse: Wane batir? Nawa wata takwas ya yi ya daina riƙe caji, wai sabo fil.

Ɗan Argungu: Ni ma haka aka yi min. Tsoho suke gogewa su manna sabuwar takarda. A kasuwa kika saya ko aikowa aka yi?