Jama'a a taimaka: kalmomi biyu kafin shirin gobe

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 9 muna da shirin kimiyya a rediyo, kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: sosiyobayoloji da ibolushinari saikoloji. Mai gabatarwa ya ce in haɗe su in ce "ilimin halayyar ɗan Adam". Anya kuwa?

Malama: A'a ƙanena, kada ka haɗe su. Na farkon E. O. Wilson ne ya yayata shi a 1975, shi kuwa masanin tururuwa ne. Abin da dabba ko mutum ke aikatawa yake dubawa, ya tambaya ko yana ƙara yawan zuriya. Na biyun kuma, jagororinsa Cosmides da Tooby ƙwaƙwalwa suka sa a gaba, wato abin da ta gada tun zamanin farauta, ko da yau ba ya amfani. Mutum zai ratsa titi ko a jikinsa, amma ya ga maciji a tsakar gida sai ya ɗare katanga. Kalmar "halayya" ce ke rikita mu, don ta fi kusa da na Wilson. Na farkon ka ce ilimin zamantakewar halittu, na biyun kuma nazarin tunani ta fuskar juyin halitta.

Dattijo: Wannan ai jimla ce, ba suna ba. A kira na biyun tsatson-tunani. Shekara nawa ina faɗa.

Malama: Baba, mai sauraro zai zaci maganar asalin dangi ake yi.

Dattijo: To "nazari" da "halitta" Hausa ne? Larabci ne tsagwaronsa! Ku 'yan boko kun raina harshen iyayenku.

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe, idan muka kori Larabci har "littafi" sai ya bi. Kuma kullum Kano ce ke yanke mana kalma, mu sai dai mu ji a rediyo. Af, Jerome Barkow, wanda suka fitar da wani littafi kan wannan ilimi na biyu a 1992 tare da su Tooby, ya yi bincike cikin Hausawa da Maguzawa a Najeriya.

Dattijo: Ya zauna da mu, ya tafi bai bar mana kalmar ba.

Mai Fassara: Dare ya yi. Na ɗauki na Malama, amma zan ambaci tsatson-tunani sau ɗaya, in ji ko masu kiran waya za su kama.

Dattijo: Sau ɗaya. To, Allah ya kai mu.