Asake bakwai a akwati ɗaya: mene ne amfaninsu?

Ɗalibi a Ingila: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar aska. A wani shagon tsofaffin kaya da ke birnin Shefild na ga wani ƙaramin akwatin katako da aka shimfiɗe cikinsa da karammiski, an jera asake bakwai masu naɗewa iri ɗaya, kowacce an zana mata sunan rana ɗaya a gadon bayanta, daga Lahadi har Asabar. Mai shagon ya ce tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka ƙera su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me mutum mai fuska ɗaya zai yi da asake bakwai? Na daɗe ina son in bar reza in koma aska, shi ya sa nake tambaya ko ya dace in fara da wannan akwati.

Mai tara tsofaffin asake: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ci karo da abin a garinsu, domin a ƙarni na 19 babu garin da ya kai Shefild suna wajen ƙera aska. Tun wajajen 1740 Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe a cikin tukunyar yumɓu har ya fito da tsabta, kuma a kan wannan ƙarfe ne gidaje irin su Joseph Rodgers & Sons da Wade & Butcher da George Wostenholm suka yi tashe. Akwatin da ka gani kayan manya ne. A zamanin Biktoriya, wato daga 1837 zuwa 1901, attajiri yakan sayi irinsa ko a ba shi kyauta lokacin aurensa, kuma sau da yawa ba shi ne ke kula da asaken ba. Yana da bara wanda aikinsa ne ya goge askar ranar a fatar gogewa don gyara kaifinta, ya kawo ruwan ɗumi da sabulu, ya busar da ita bayan an gama, ya mayar da ita gurbinta. Sunayen ranakun da aka zana su ne ke hana baran ruɗewa, don kada a ci ƙarfin aska ɗaya a bar sauran.

Akwai kuma lissafi a ciki. Wanda ke gyaran fuska kullum da aska ɗaya zai ɗora ta a fatarsa sau 365 a shekara, amma idan bakwai ne, kowacce sau 52 kawai za ta yi aiki. Ga mutumin da ke zaune a gidan gonarsa nesa da mai washi, ko hafsan soja da aka tura Indiya, wannan yana nufin zai daɗe ƙwarai bai nemi wanda zai wasa masa ba, kuma idan ɗaya ta faɗi bakinta ya ɓantare, shida na nan. Dalili na uku shi ne wanda masu sayarwa suka fi yayatawa, cewa bakin aska yana gajiya, kuma idan aka bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu kaifinsa zai miƙe da kansa. Wannan na bar wa masana ƙarfe.

Injiniyan ƙarfe: Tunda Alhaji ya miƙo mini, bari in karɓa. Maganar hutun ƙarfe tsohuwar magana ce, amma ban yarda da ita ba. Bakin aska siriri ne ainun, ya fi gashin da yake yankewa siranta nesa ba kusa ba, kuma abu biyu ne ke samunsa lokacin aski: wani wuri ya ɗan lanƙwashe, wani wuri ya ɓantare ƙanana-ƙanana yadda ido ba ya gani. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna da madubin ƙara girma yadda gashi, duk da taushinsa, yake ɓantare bakin reza idan ya lanƙwasa a ƙarƙashinta ya kuma dace da wurin da ƙarfen ke da rauni. Abin da ya ɓantare ba zai dawo ba ko aska ta shekara a akwati, kuma ƙarfen da ya lanƙwashe ya zauna a haka ba ya miƙewa don an ƙyale shi. Fatar gogewa ce ke miƙar da shi, dutsen washi kuma shi ke fitar da sabon baki.

Inda nake ganin hutun ya yi amfani da gaske shi ne wajen bushewa. Asaken wancan zamani duk baƙin ƙarfe ne mai saurin tsatsa, domin sai a 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ma a Shefild. Danshi kaɗan da ya maƙale a wurin ƙusar da ta haɗa ruwan aska da mariƙinta ya isa ya fara cin ta. Askar da za ta yi kwana shida ba ta taɓa ruwa ba tana samun damar bushewa sarai. Sai dai tsumma mai tsabta da ɗigon mai suna yin wannan aiki cikin minti biyu.

Tsohon wanzami: Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ka bar mini ɗan wuri. Ni na gaji sana'ar nan, kuma ban taɓa ganin zabirar wanzami da aska ɗaya ba. Ba ma zana musu sunan rana, amma kowacce da aikinta: ta askin kai daban, ta gyaran fuska daban, ta askin jariri ranar suna daban, kuma ba a haɗa ta da kowa. Mahaifina yakan ce askar da ta yi kawuna da yawa a jere tana yin zafi a fata, sai ya ajiye ta ya ɗauko wata. Ko ƙarfen ne ya huta, ko hannun mai askin ne, ko kuwa gogewar da yake yi mata kafin ya sake ɗaukarta ce ke gyara ta, ban ja da kai ba. Abin da na sani shi ne wanda ke da aska biyu ba ya matsa wa dakusasshiya, kuma matsawa ita ce ke kawo yanka da ƙuraje.

Ɗana mai tambaya, shawarata gare ka ita ce kada ka fara da akwatin nan. Duk sabon hannu sai ya ɓata askarsa ta farko: ko ya juya ta a kan bakinta lokacin da yake goge ta a fata maimakon ya juya ta a kan gadon baya, ko ya buga ta a bakin famfo. Idan za ka ɓata, ka ɓata mai araha. Ka nemi aska ɗaya mai kyau da fatar gogewa, ka koyi jan askar a kan fatar da gadon baya a gaba, bakin yana bi a baya, ba tare da dannawa ba. Wajen aski kuma, ka fara da kumatu kawai na wasu kwanaki, domin haɓa da ƙarƙashin hanci su ne gaban goshin wannan aski. In hannunka ya faɗa, ka ƙara ta biyu.

Injiniyan ƙarfe: Baba, na karɓi gyara. A kan aska biyu babu saɓani tsakaninmu.

Mai tara tsofaffin asake: Ai ko Turawan ma akwatin mai asake biyu ya fi yawa a hannun masu matsakaicin ƙarfi, mai bakwai kuwa na nuna isa ne. Ga wanda ke son sabuwa, har yanzu ana ƙerawa. Akwai Dovo da aka kafa a 1906 a garin Solingen na Jamus, da Böker a garin dai, sannan Thiers-Issard da ke garin Thiers na Faransa tun 1884, wanda kuma ya yi suna da irin wannan akwati na mako. Ga mai koyo na fi son mai faɗin 5/8 na inci mai zagayayyen tsini, domin mai kusurwa tana saurin tsaga kunne da gefen hanci. Kuma a tambayi mai sayarwa ko an wasa ta da hannu, don sababbi da yawa suna fitowa daga masana'anta ba su kai kaifin da fuska za ta jure ba. Batun dutse kada ka yi gaggawa. Dutsen Beljiyam mai ruwan ɗorawa da ake haƙowa a yankin Vielsalm yana da kyau ƙwarai, haka ma duwatsun Japan na masana'anta masu lambar laushi 1000 zuwa 8000, amma washi sana'a ce mai zaman kanta, gara ka biya gwani a karon farko.

Ma'aikaciyar jinya: Da izinin manya, ina da ƙari ɗaya. Duk askar da aka saya ta hannu, a wanke ta sosai, a jiƙa ruwanta kawai a cikin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta irin na asibiti, a busar kafin ta taɓa fata. Kada a tafasa ta, domin zafi yana lalata mariƙin. Mafi muhimmanci, kada bakwai ɗin su sa a ce a raba wa ƙanne da baƙi aron ɗaya ɗaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye.

Tsohon wanzami: Gaskiya ne, 'yata. Shi ya sa yawancinmu muka koma askar da ake sa wa rabin reza a jefar bayan kowane mutum.

Ɗalibi a Ingila: Na gode ƙwarai, Baba da sauran iyaye da yayye. Na koma shagon yau na duba da kyau. Shida suna ɗauke da sunan maƙeri ɗaya da kalmar Shefild kawai, amma ta ranar Alhamis tana da sunan ƙasar Ingila a ƙarƙashi, kuma mariƙinta ya fi na sauran haske. Biyu daga ciki suna da baƙaƙen ɗigo kusa da baki. Mai shagon ya ce mariƙan hauren giwa ne.

Mai tara tsofaffin asake: To, ka ga amfanin dubawa. Daga 1891 dokar kwastan ta Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa, sai maƙeran Shefild suka fara ƙara sunan Ingila. Don haka masu tarawa suke ɗaukar aska marar sunan ƙasa a matsayin wadda ta riga wannan shekara, ko da yake ba doka ce marar togaciya ba. Alamu sun nuna ta Alhamis ɗin ta asali ta ɓace ko ta karye, aka cike gurbinta daga baya, kuma wannan yana rage darajar akwatin sosai, tunda abin da ake biya shi ne cikarsa. Ɗigon da ke kusa da baki ya fi damuna. Tsatsar da ke gadon baya ana goge ta, amma wadda ta ci rami a bakin aska sai an cinye ƙarfen har a wuce ramin, wani lokaci kuma a tarar da wani a ƙarƙashinsa.

Maganar haure kuma ka yi hattara da ita. Tun watan Yunin 2022 dokar Birtaniya ta hana saye da sayar da kayan hauren giwa sai 'yan kaɗan da aka keɓe aka kuma yi wa rajista, kuma fitar da shi zuwa wata ƙasa yana buƙatar takardar izini. Ka nemi mai shagon ya nuna maka takarda. Idan kuma ba haure ba ne, roba ce irin ta dā da ake kwaikwayon haure da ita, to ka shinshina akwatin. Wannan roba idan ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai tsami wadda ke cin ƙarfe, kuma a rufaffen akwati guda ɗaya tana iya lalata sauran shidan. Na taɓa asarar asake uku ta haka a damina ɗaya, don na rufe su a durowa na yi tafiya.

Injiniyan ƙarfe: Kuma ka tambayi kanka sau nawa kake aski a mako. Idan kana barin gemu, gyaran gefe da askin Juma'a kawai kake yi, to asake shida za su zauna suna jiran mai da tsumma. Ba'amurken nan Gillette ya sami haƙƙin mallakar ƙirar rezarsa a 1904, kuma abin da ya sayar wa mutane shi ne hutu daga wannan ɗawainiya.

Ɗalibi a Ingila: Sau biyu ne a mako, Injiniya. Na bar akwatin a inda yake. A shagon dai akwai wata aska guda ɗaya ta Wade & Butcher mai mariƙin ƙaho, bakinta babu ɗigo, ita zan ɗauka in kai wa mai washi. Baba, idan na zo hutu zan kawo ta ka gwada ta a gashin hannunka, ka kuma nuna mini yadda ake riƙe fata.

Tsohon wanzami: Ka shafa mata mai ka naɗe ta a takarda kafin ka taso, kuma ka sa ta a babbar jaka, don ba za su bar ka ka shiga jirgi da ita a hannu ba. Allah ya kawo ka lafiya.