Ƙyallayen lefe sun cika jaka, a ba ni shawara

Amarya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Lokacin da aka ɗinka min kayan lefe na roƙi tela kada ya zubar da ƙyalle ko ɗaya, yanzu jakar bakko guda ta cika. Atamfa ce mafi yawa, sai 'yar shadda da leshi. So nake in haɗa su in yi zanin gado mai kauri kafin sanyi ya shigo. Gadon shida da shida ne, kekena Butterfly ce ta ƙafa. Ta ina zan fara?

Uwar zaure: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da ware leshi da shadda gefe guda. Shadda santsi gare ta, leshi kuma huda-huda ne, in kika haɗa su da atamfa, wanki biyu za ki ga wani wuri ya tattare wani ya saki. Ni atamfa zalla nake yi, shekara da shekaru ban taɓa sauyawa ba.

Maman 'yan biyu: Gaskiyar Hajiya. Kuma don Allah ki wanke komai kafin almakashi ya taɓa shi. Na taɓa yin wani da na kwashe wata biyu a kansa, na saka masa wani jan ƙyalle ban gwada ba, ranar wankin farko jan nan ya zuba ya bi duk fararen da ke kewaye da shi. Na yi kuka ranar, wallahi. Tun daga nan kowane launi daban nake jiƙa shi a roba, in ruwan ya rine in sake, har sai ya fito fes. Wanda ya ƙi daina zuba ba ya shiga aikina ko da Holan ne.

Anti mai shago a Kwari: Amarya, ki juya kowane ƙyalle ki duba bayansa. Atamfar da aka yi da kakin gaske, irin ta Vlisco da ake bugawa a Helmond ta ƙasar Holan, gaba da baya kusan ɗaya ne, don rinin ya ratsa zaren. Mai araha kuwa fuska ɗaya aka buga, bayan fari-fari yake. Duka suna aiki, amma mai fuska ɗaya ta fi saurin koɗewa, to kada ki tara su wuri guda, ki warwatsa su. In kin rasa na cikewa, teloli da yawa za su ba ki ƙyalle a leda in kin tambaya da girmamawa.

Uwar zaure: Ga lissafi. Ki yanka kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, shi ne ma'auninki, da shi za ki riƙa zanawa da alli. Ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane ɓangare, saura inci 4 da rabi. Gadonki inci 72 ne, wato ƙyalle 16 a jere, layi 16, jimla 256. In kina so ya sauko ya rufe katifa, ki yi 20 sau 20, ƙyalle 400 ke nan. Kada adadin ya tsorata ki, layi ɗaya a rana ya isa. Kowane layi kika gama ki bi shi da guga, ki kwantar da ɗinkin wajen ƙyallen da ya fi duhu.

Maman 'yan biyu: Ni fa ba na son mai manyan furanni a haɗe-haɗe. Kina yanka shi inci 5 furen ya tafi, sai rabin ganye da wani lanƙwasa da ba a san kansa ba. Mai ƙananan ɗigo-ɗigo da mai ratsi su ne nawa.

Yaya ta Damagaram: A'a Maman 'yan biyu, nan kam ban bi ki ba. Manyan furannin nan su nake nema da kuɗina. Fure guda nake yankowa cikakke, babba, in sa shi tsakiya, sannan in bi shi da sirara-sirara ina kewayawa har ya kai girman gado. Ido yana buƙatar wurin da zai sauka. Abin da ba na iya yi shi ne kore kusa da ruwan goro, ko da na ɗinka sai na farke. Kuma shuɗi ba ya rasa shiga aikina, na saba da shi tun ina ganin baƙin zane mai shuni a jikin kakata.

Anti mai shago a Kwari: Yaya, in na marina ne irin na Ƙofar Mata, a bi a hankali, shuni yana kama farin yadi ko ba a jiƙa ba.

Yaya ta Damagaram: Haka ne, shi ya sa nake sa shi a baki-baki kawai, bayan wanki da yawa.

Baba tela: Ku ba ni dama in sa baki kan abin da za a cusa a tsakiya, don nan ne aiki yake lalacewa. Kakana lifidi yake ɗinkawa, rigar dokin nan mai kauri da kuke gani jikin dawakan 'yan lifida ranar hawan sallah. Audugar rimi ake cusawa, kuma ina yaro na ga yadda yake bin ta da ɗinki kusa da kusa, tsakanin layi da layi bai fi faɗin yatsu biyu ba. Dalili, audugar rimi ba ta zama wuri ɗaya, in aka ba ta fili sai ta gangara ta dunƙule a lungu. To ke 'yata, abin da za a riƙa wankewa ne, ki bar audugar rimi ga matashin kai. Soso kuma zafi gare shi, yana marmashewa in ya tsufa. Nemi tsohon bargo marar nauyi, ko tsofaffin zannuwa biyu, ki shimfiɗa tsakanin fuska da shafi. Ki kama su da dogon ɗinkin hannu tukuna, daga tsakiya zuwa baki, kafin ki hau keke. In kika fara daga baki, tsakiya zai kumbura.

Uwar zaure: Allah ya ƙara girma Baba. Shafin kuma sai an haɗa faɗi biyu, don faɗin atamfa bai kai inci 50 ba.

Ƙanwar zaure: Ni nawa daban ne. Duk ankon da na shiga sai na ajiye ƙyalle ɗaya, yanzu suna 31. Akwai na bikin yayata, akwai na sunan ɗan aminiyata, akwai na wata ƙawarmu da Allah ya yi wa rasuwa shekara guda bayan aurenta. Launukan ba su dace da juna ba ko kaɗan, amma ban yarda in cire ko ɗaya ba. Farin yadi zan sa tsakaninsu ya raba su.

Maman 'yan biyu: Allah ya jiƙanta. Ki sa ruwan toka maimakon fari ƙanwata, ya fi jure datti, kuma yana kwantar da launuka masu ƙarfi.

Amarya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zazzage jakar yanzu, na ware leshi da shadda, jajayen suna cikin roba. Na ga wata mai babban fure ruwan ƙwai wadda mahaifiyata ta zaɓa min da kanta, ita zan sa a tsakiya yadda Yaya ta ce. Baba, dogon ɗinkin hannun nan da zare biyu ake yi ko ɗaya?

Baba tela: Ɗaya ya isa, ki sa launin da zai fito fili don ki gan shi lokacin zarewa.